Akwatin da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma idan ranarsa ta yi. Ranar Kawu ta zo a ƙarshen damina, lokacin da shinkafa ta fara sunkuyar da kai a fadamun bakin ruwa. Ya yi sallar la'asar a zaune, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a kawo mota Mai shi ya karɓi abinsa.

Washegari da safe aka yi jana'iza. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne motoci. Tun daga bakin layinmu a Yelwa har kusa da kasuwa motocin haya ne jere, na Shanga, na Warra, na Kontagora, da waɗanda ban san hanyarsu ba. Motocin nan, a ranar da ba ta mutuwa ba, tun daga nesa kake jin su a ƙirjinka kafin idonka ya gan su, domin kowacce da akwatin sauti a but ɗinta na baya, kuma kusan duk akwatunan daga hannun Kawu suka fito. Ran nan babu wadda ta ce uffan. Direbobi suka kashe komai tun daga titi, suka tako da ƙafa.

Wani tsohon direba ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Malam, wanga bawan Allah shi yas sa motata ta yi baki. Yau ga nashi ya ruhe." Wani ɗan kamasho da na sani da tsiwa ya zauna a bakin kwata yana kuka kamar ubansa aka binne. Limamin unguwarmu kuwa, da aka zauna karɓar gaisuwa, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ni ban san abin da zan ce game da sana'arshi ba. Abin da na sani, ban taɓa rigan shi sahun asuba ba."

A gefen tabarma akwai wani dattijo da hularsa a kan gwiwa. Aminin Kawu ne tun suna samari, Bakambare daga Ngaski, Kirista, tsohon direba shi ma. Bai shiga sahun salla ba, amma ya bi mu maƙabarta, kuma da aka zo kwaɓa ƙasa shi ya fara naɗe hannun riga.

A cikin gida Inna, matar Kawu, tana zaune cikin mata. Inna ta daɗe da rasa ji. Duk kukan da aka yi ba ta ji ko ɗaya ba, a fuskokin mutane ta karanta. A ƙarƙashin rumfar tsakar gida, daidai inda idonta yake sauka in ta ɗaga kai, akwai wani akwati sabo da ba a ƙarasa ba. An haɗa shi, an ɗaura masa sifika, amma ramin da aka huda a gabansa yana nan fayau, ba a sa masa bututu ba. Domin ita Kawu yake yin sa, don ta riƙa samun karatun Alƙur'ani ta tafin hannunta, tunda kunne ya ƙi. Ya tafi ya bar shi haka. Duk wanda ya shiga gaisuwa ya ga akwatin, kuma babu wanda ya san ko za a sami mai ƙarasa shi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na fara rubuta wannan da ajami, rubutun da hannuna ya saba da shi, daga baya aka mayar mini da shi boko saboda jikokinsa. Ina tsoron su tashi su ce kakansu kafinta ne kawai.

A wani gungu aka haifi Kawu, cikin tsibiran da ruwan Kainji ya shanye. Mahaifinsa masassaƙi ne, yana sassaƙa jirgin ruwa, yana sassaƙa ganga. Kawu yakan ce aikin biyu ɗaya ne: ka raraƙe itace, ka san inda za ka tsaya. Da aka taso da su Yelwa ya koma kafinta, yana ƙofa da gado da benci. Wata rana aminin nan nasa ya kawo masa babbar sifika da ya samo a wata tafiya, irin wadda ake kira wufa, mai fitar da sauti mai kauri. Dama ya ɗaure ta da waya a bayan kujerar motarsa, tana ta kakkarwa kamar faranti a kan injin niƙa. Ya ce a yi mata gida. Kawu ya yi akwati ya lalata, ya sake yi ya lalata, har Allah ya buɗe masa. Daga nan ƙofa da gado suka zama aikin gefe.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ake huda akwatin, tunda a ganina ramin hanyar tserewar sauti ne. Ya dube ni ya ce, "Kai malami ne, amma kawo kwalbar can." Ya hura bakinta, ta yi gunji. Ya zuba ruwa har rabi ya sake hurawa, sautin ya hau sama ya yi siriri. Ya ce, "Ka ji? Iskar da ke ciki ita ka magana, ba kwalba ba." Sannan ya yi mini bayani a hankali. Faifan wufa, wato fuskarta mai kaɗawa, in ya tura iska gaba, yana tura wata baya. Ta bayan nan in an bar ta a sake, sai ta zagayo ta cinye ta gaba, sauti ya zama holoƙo. In an kulle ta ruf, sauti yakan yi tsabta amma ya rasa nauyi. Saboda haka ake yi wa akwati hanci. Haka yake kiran bututun robar da ake sakawa a ramin, irin fayif ɗin da ake jan ruwa da shi. Girman cikin akwati da tsawon hanci su ne suke yanke inda sautin zai zauna. Dogon hanci yana kai sauti ƙasa, gajere yana ɗaga shi. In hancin ya cika ƙunci kuma, sai ka ji yana huci kamar mai mura.

Bai yarda da katakon garin itace da ake dannewa ba, domin a bakin ruwa muke, damina ɗaya ta isa ta kumbura shi. Katakon filawud mai kauri yake saya, ya bi kowace kusurwa da gam, kamar yadda mahaifinsa yake toshe jirgi. Yakan ce in iska ta sami wata ƙofa ban da hanci, aikin banza aka yi.

Amma abin da mutane suke taruwa kallo shi ne gwajin shinkafa. In ya gama akwati, sai ya kwantar da shi rigingine, faifan yana duban sama, ya barbaɗa ɗanyar shinkafa a kai. Sai a saki wani sauti mai tsawo, a riƙa saukar da shi daga sama zuwa ƙasa. A da kaset yake da shi na wannan, daga baya aka sa masa a waya. Shinkafar takan yi ta tsalle, ta yi ta tsalle, sai a kai wani wuri ta lafa kamar an tsawata mata. A daidai nan, in ka kai hannu bakin hancin, iska ce take fita da ƙarfi har ta kaɗa maka riga. Faifan ya huta, hanci ya karɓi aiki. In wurin da shinkafa ta lafa bai yi masa ba, sai ya zare bututun ya rage shi da zarto, ɗan kaɗan, ya mayar, a sake. Yana iya wuni a kan haka. Direba in ya ƙosa ya ce, "Baba, ai ya yi," sai Kawu ya ce, "Ya yi maka. Ni bai yi mini ba." In an gama yakan tattara shinkafar tas ya watsa wa kaji, domin ya ce abinci ba abin takawa ba ne.

Akwai maganar da yake maimaita wa samari masu zuwa suna cewa suna son wanda ya fi na kowa ƙara. Yakan ce, "Ni ba ƙara nika yi ba, nauyi nika yi. In ƙara kaka so, ga gwangwani can." Kuma kafin mota ta bar rumfarsa sai direba ya yi masa alkawari: zai rage sauti a gaban masallaci, da coci, da asibiti, da gidan da ake zaman makoki. Wanda ya karya, labari yana isowa, domin Yelwa ba ta ɓoye irin wannan. Ranar da ya dawo gyara Kawu zai gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ce hannunsa yana ciwo.

In aka kira salla, ko rabin sukuru ya ɗaura, ajiyewa yake. Wasu malamai sun yi masa magana a kan kiɗa, kuma bai taɓa yi musu gardama ba. Ya ce da ni sau ɗaya, muna dawowa daga masallaci, "Direban da ke tahiya da rana tsaka, ciki cike da tuwo, mutum goma a bayanshi, in wanga akwati ya hana shi gyangyaɗi, ina sa rai Allah ba ya mance ni ba."

Lokacin da matar amininsa ta rasu, Kawu ya tafi Ngaski gaisuwa. Ya tarar sifikar cocinsu tana zuza, ba a jin abin da ake faɗa. Ya ce a fito masa da ita ƙarƙashin bishiya, ya kwance ta, ya gyara, aka yi addu'ar matar da ita. Da ya dawo wasu suka yi ta ƙananan maganganu. Ya ce, "Matar nan ta ciyar da ni tun ban da gemu. In bari a binne ta ba a ji sunanta ba?"

Ba zan ce Kawu ba shi da zafi ba. Yana da shi, kuma wanda ya fi ɗanɗana shi babban ɗansa ne, taubashina. Shi ya koyi aikin sosai, hannunsa har ya so ya fi na uban laushi. Da ya sami mota ya fara ɗaukar bandar kifi zuwa Kontagora, shi ya yi wa kansa akwati. To, inda kifi yake nan ɓera yake. Ɓeraye suka gano hancin akwati, suka shige, suka yi gida, suka ci waya. Taubashina ya gaji, ya cusa tsumma ya toshe hancin. Sauran direbobin kifi suka gani, suka ce ai ɗan mai sana'a ne ya yi, kowa ya nemo tsummansa. Sauti ya mutu a tasha gaba ɗaya. Suka riƙa murɗa ƙara don su dawo da nauyin da ya ɓace, har wufa ta fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ga su a rumfar Kawu, wai aikinsa ya lalace.

Ina wurin ran nan. Kawu ya zura hannu a hancin akwatin farko ya zaro tsohon zane. Na biyu, safa. Da aka zo kan motar ɗansa, abin da ya fito tsohon rawanin Kawu ne da ya daɗe yana nema.

Ya ɗaga shi sama ya ce, "Kai, zo nan. In toshe maka hanci da wanga in ce ka yi gudu, ka iya?"

Taubashina ya ce, "Baba, ɓera ne."

"Ɓera ya koya maka aiki ko ni?"

"To ai ɓera ba ya jin wa'azi, Baba."

Tasha ta fashe da dariya, kuma dariyar ce ta ɓata komai. Kawu ya ce, a gaban kowa, wanda bai san abin da hanci yake yi ba kada ya ƙara taɓa masa zarto. Ɗan ya ɗauki maganar da nauyinta. Ba su yi gaba ba, suna gaisawa, suna ci a kwano ɗaya, amma tun daga ranar bai ƙara zama a bencin aiki ba, ya koma tuƙi ɗungurungum. Bayan 'yan kwanaki Kawu ya fito da wata ragar waya, wadda iska za ta wuce ɓera ba zai wuce ba, kuma a motar ɗansa ya fara ɗaura ta, da kansa, ɗan yana cikin gida yana cin abinci. Iyakar ban haƙurin da ya iya ke nan. Ɗan ya fito ya gani, ya shiga motarsa ya tafi. Dukansu biyu irin ɗaya ne.

Rashin jin Inna ya zo a hankali, bayan wani zazzaɓi. Tana magana sarai, kuma in ka dube ta ka yi a hankali tana karanta bakinka. Ba ta taɓa kukan rashin hira ba. Abin da ya dame ta karatu ne. Mace ce da rediyonta ba ya barin wurin tafsiri, kuma azumin da ya wuce Kawu ya same ta ta rungume rediyon a ƙirji, ta ƙure shi, tana hawaye, ba ta samun komai. Ya gaya mini wannan da kansa. Ya ce, "Na shekara da shekaru ina sa ƙattai suna jin ganga a haƙarƙarinsu. In kasa sa matata ta ji Ƙur'ani a hannunta?" Ya zaɓi katako, ya haɗa, ya huda ramin. Ciwon ƙirji ya riƙa kwantar da shi, aikin yana tafiya kaɗan kaɗan, har ranar ta zo.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Inna ta kira taubashina. Ina tsaye. Ta nuna akwatin ta ce, "Wanga abu, ko ka ƙare shi, ko ka hidda shi inda ba ni ganin shi. Kullum na ɗaga kai shina kallona."

Da muka fito zaure ya ce da ni, "Ban iyawa. Ya ce kar in taɓa mai zarto."

Na ce, da wasan taubasai, "Bawana, yaushe ka fara jin maganarsa? Sai da ya mutu?"

Ya ce, "Wa ab bawanka? Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa sai ka buge yatsa." Ya yi dariya kaɗan, sannan ya share ido da hula.

Ya ajiye tuƙi ya zauna a kan aikin. Ya nemo bututu, ya sa shi da tsawonsa, domin duk abin da aka san gidan da shi ke nan: akwatin Kawu ya fi na kowa zurfi. Duk direban da ya leƙo ya ce a ƙara tsawo, kada a ba tsoho kunya. Aka gwada da ganga, kwanukan Inna suka yi ta rawa a kan kanta. Kowa ya ce ya yi. Dama an matso da mota da baya har ƙofar gida, an jawo doguwar waya daga batir da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, zuwa tsakar gida. Aka sa karatu. Inna ta zauna a kan tabarma, ta kai tafin hannunta bakin hancin.

Ta daɗe a haka. Mu muna jin karatu sama sama, amma hancin shiru, sai ɗan motsi da ba a rasa ba. Ta janye hannunta ta dubi ɗanta ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ka yi ƙoƙari." Ta tashi ta shiga ɗaki. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Kwana biyu akwatin yana lulluɓe da buhu. Taubashina ya ce zai kai shi rumfar aiki ya kulle. Ranar kasuwa sai ga aminin Kawu ya biyo ya duba mu. Da yake Inna tana takaba, a zaure ya tsaya. Muka ba shi labari. Ya ce a sa masa abin ya ji. Aka sa ganga, ya gyaɗa kai. Aka sa karatu, ya karkata kai.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san aikinku ba. Amma na yi waƙa a coci tun ina saurayi, cikin masu kaurin murya nike. Komi kaurin muryar namiji, ba ta sauka inda ganga take. Tana sama da nan."

Taubashina ya dafe kai ya ce, "Hancin ganga na yi. Baba ba ganga yaka yi wa gida ba." Duk rayuwarsa bai taɓa ganin an nemi akwati ya hau sama ba, kowa ƙasa yake so. Shi ya sa bai zo masa a rai ba, kuma da ni da direbobin babu wanda ya zo wa.

Ya jawo akwatin bakin zaure ta ciki, ya kwantar da shi rigingine. Ya je mota ya murɗa wani maɓalli a jikin amfilifaya, wanda yake tare duk sautin da ya ɗara na ganga, ya buɗe shi. Sannan ya ce, "Baba, to a ina murya take zama? Kowane mai karatu da tashi."

Dattijon ya ce, "Ni murya guda na sani da kyau." Ya rufe ido, ya gyara zama, ya fara gunji a maƙoshi, sauti ɗaya mai tsawo. Daidai inda Kawu yake ajiye muryarsa ne in zai ce assalamu alaikum. Taubashina ya saki sautin gwaji a waya, ya riƙa ɗaga shi a hankali har ya haɗu da na dattijon, suka zama ɗaya.

Ba mu aika a kawo shinkafa ba. Inna ta hango akwati a kwance, ta san abin da ake yi. Ta fito da kanta da 'yar shinkafa a marfin kwano, ta ajiye kusa da ɗanta, ta koma bakin ƙofarta ta zauna.

Ya barbaɗa. Shinkafa ta yi ta tsalle. Ya zare bututun, ya ɗauki zarton ubansa, ya yi bismilla, ya rage. Ya mayar, tana tsalle. Ya sake ragewa. Dattijo yana zaure, in numfashinsa ya ƙare ya huta, ya kurɓi ruwa, ya sake kamawa don kada a ɓace. Aka kira azahar muka tafi muka dawo, dattijo yana gadin kayan. Bututun da ya fara kamar tsawon hannu ya koma bai fi taƙi ba. Ni har na fara cewa an wuce wuri. Taubashina ya ce, "Malam, ka tsaya ga allonka." Ya ƙara shafce ɗan kaɗan, ya goge bakin da sanfefa, ya mayar.

Shinkafa ta lafa. Gefen rigarsa ya fara kaɗawa.

Aka ɗauki akwatin aka kai gaban Inna. Na ɗauka karatu taubashina zai sa. Sai ya ce yana da wani abu a waya, addu'ar da Kawu ya yi ranar sunan ƙaramar jikarsa, wadda matar taubashin nawa ta ɗauka. Ya dube ni, na ce ya sa.

Muryar Kawu ta cika tsakar gida. Matan da ke wurin suka rufe baki da mayafi. Inna ta kai hannu. Iska ta riƙa bugun tafinta, tana zuwa tana ɗaukewa, gaɓa gaɓa, yadda maganar take tafiya. Ta matso, ta ɗora ɗaya hannun a kan katakon. Ba wanda ya gaya mata ko mene ne. Kawu ya kai ƙarshen roƙo na farko ya numfasa, sai muka ji Inna ta ce, "Amin." Ya ci gaba, ya sake tsayawa, ta ce, "Amin." Ba ta kuskure ko ɗaya ba har ya shafa. Daga zaure na ji dattijo yana fyace hanci.

Babu wanda ya tuna da waya. Addu'a ta ƙare, ita kuwa ta zarce da kanta zuwa abin da ke biye, wani saƙon murya da Kawu ya taɓa aika wa ɗansa. Sai ga shi yana cewa an gaya masa an ga motar a hanyar Shanga tana gudu kamar an koro ta, da lodi har saman rufi, in shi ya gaji da ransa fasinjoji ba su gaji da nasu ba. Taubashina ya yi wuf zai kashe.

Inna ta riƙe masa hannu, ɗaya hannun nata yana bakin hancin. Ta ce, "Wanga ba addu'a ba ce. Hwaɗa shika yi." Ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. "Da wa?"

Taubashina ya nuna ƙirjinsa.

Ta yi dariya, irin wadda ba mu ji ba tun kafin rasuwar, hawaye yana zuba. Ta ce, "To zauna. Bar shi ya ƙare."

Ya zauna a ƙasa gaban uwarsa, kansa a sunkuye, muka bar Kawu ya ƙare faɗansa.

Yanzu kullum da hantsi akwai karatu a tsakar gidan, Inna da hannunta a bakin akwati, rumfar aiki kuma a buɗe take. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafinsa, ya yalwata masa makwanci. Yadda ya nemi matarsa ta sami maganar Ubangijinta, Allah ya sa shi ma ya ji kira mai daɗi ranar da za a tashe mu. Amin.